Karen da Ba Ya Daina Susa da Lasar Ƙafa: Yadda Ake Bin Matsalar Daki-Daki

Yawanci da dare mai kare yake fara gane akwai matsala. Gida ya yi tsit, sai ka ji ƙarar lasa ba ƙaƙƙautawa. Ka haska fitila ka tarar kare ya kama dagin gabansa yana tsotsa, yana ɗan cizon tsakanin yatsu kamar mai neman cire ƙaya. Ka tsawata ya bari, kana juya baya ya koma. Bayan 'yan makonni gashin ƙafar ya rine ya koma kalar tsatsa, wurin ya fara wari, kunne ma ya shiga sahu, sai girgiza kai da karta.

Ruwa ba ya tsami banza. Kare mai lafiya yakan lashi ƙafarsa kaɗan ya bari. Wanda ya mayar da lasa sana'a, ƙaiƙayi ko ciwo ne ke cinsa, kuma in abin ya daɗe, galibi tushensa borin jini ne, wato garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba. Gara ka sani tun yanzu: irin wannan borin jini lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwar kare, ba a rabuwa da shi kwata-kwata. Duk da haka kare zai iya samun barci, gashinsa ya dawo, muddin an bi abin bisa tsari. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya canza abinci, ya canza sabulu, ya ba da ƙwaya, ya shafa mai, duk a mako guda. In sauƙi ya samu ba a san wanne ya yi aiki ba, in bai samu ba ma ba a san wanne za a yar ba. Ɗaya bayan ɗaya ake kawar da abubuwan zargi.

Mataki na farko: duba inda yake susa, ka rubuta

Kafin ka sayi komai, kwantar da karen a wuri mai haske ka duba shi daga hanci zuwa wutsiya. Inda ƙaiƙayin ya fi ƙarfi yana nuna inda za a fara nema. In gadon baya ne da gindin wutsiya, ƙuma ce ta farko a zargi. In gefen kunne ne da gwiwar ƙafafun gaba da dunduniyar na baya, ga ɓawo-ɓawo, ga susa kamar zai yage fatarsa, ka yi tunanin ƙazuwa, musamman in mutanen gidan ma sun fara ƙuraje a hannu. In kuwa dagi ne, fuska, cikin kunne, hamata, ciki da matsematsi, wannan shi ne taswirar borin jini, ko na abinci ko na abubuwan da ke cikin muhalli.

A 2010 wani likitan fatar dabbobi, Claude Favrot, da abokan aikinsa suka fitar da alamomi 8 na gane borin jinin fata a kare, waɗanda likitoci ke amfani da su har yau. Cikinsu akwai fara ciwon kafin kare ya cika shekara 3, taɓa ƙafafun gaba, taɓa fatar kunne amma ban da gefensa, da kuma barin gadon baya lafiya lau. Wasu jinsuna, irin su Labrador, buldog da bokser, sun fi gadon wannan lalura, sai dai kowane kare zai iya kamuwa.

Ka lura kuma: ƙafa ɗaya ce ko duka? Ƙafa ɗaya tak da ta kumbura farat ɗaya ta fi kama da ƙaya, tsinin ciyawa da ya shige, karyewar farce, ko ciwon ƙari. Ƙafafu biyu zuwa huɗu su ne ke nuna matsala daga cikin jiki.

Sannan ka samu littafi. Kullum da yamma ka ba ƙaiƙayin maki daga 0 zuwa 10: 0 babu susa, 10 ba ya iya ci ko barci saboda susa. Ka rubuta abin da ya ci, inda ya je, da maganin da aka ba shi, kana ɗaukar hoton ƙafafun da waya sau ɗaya a mako. Mutane sukan raina wannan, alhali bayan wata biyu ba wanda zai tuna yadda ƙafar take a ranar farko.

Mataki na biyu: ƙuma da ƙwarin fata, ko da ba ka gan su ba

"Ai karena ba shi da ƙuma." Kusan kowa haka yake cewa. Karen da jikinsa ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe shi susar kwanaki, kuma shi da kansa yake lashe ƙumar ya haɗiye kafin ka gani. Ka taje gindin wutsiyarsa a kan farar takarda mai danshi. In baƙaƙen ɗigo suka zubo suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karenka ne ta sha.

Ƙumar da ke jikin kare kaɗan ce ƙwarai in aka kwatanta da ƙwai da tsutsotsinta da ke cikin shimfiɗa, darduma da tsagar ƙasa. Mace ɗaya takan yi ƙwai har 40 zuwa 50 a rana. Shi ya sa magani na wata ɗaya ba ya isa. A ba duk dabbobin gidan, karnuka da kyanwoyi, kowa irin nasa, na aƙalla wata 3 a jere, ana wanke shimfiɗa da ruwan zafi ana share ɗaki sosai. Ga kare mai borin jini, ni dai shawarata a riƙe maganin ƙuma shekara zagaye.

Magungunan zamani irin su Bravecto, NexGard da Simparica sun sauƙaƙa wannan mataki, domin suna kashe ƙuma da kaska, har da ƙwarin ƙazuwa da wani ƙwaro mai suna demodeks da ke zama cikin ramin gashi, wanda kan sa ƙafa ta kumbura ta yi mugunya. Ƙwayar Bravecto tana ɗaukar mako 12, sauran biyun wata-wata ne. In karen yana da tarihin farfaɗiya ka gaya wa likita kafin a ba shi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haka a 2018. Maganin ɗigawa na kare mai ɗauke da fametirin kuwa yana kashe kyanwa, kada ya kusance ta.

Mataki na uku: cutar da ta hau kan fatar da aka riga aka karce

Wannan tare da na biyu ake yin sa. Fatar kare mai borin jini kamar katangar da ta tsattsage ce, ruwa yana fita, baƙi suna shiga. Ƙwayoyin cuta biyu ne suka fi cin wannan gajiya: bakteriyar sitafilokokus, mai kawo ƙuraje masu ruwa da ɓawo zagaye-zagaye, da wani nau'in yis mai suna malaseziya, mai kawo warin tsami, maiƙo, da dattin nan mai ruwan ƙasa a gindin farce. Dukkansu a fatar kare mai lafiya ma suna nan, yawansu ne ke zama ciwo. Kuma su kansu suna sa ƙaiƙayi, har wani lokaci rabin susar nasu ne.

Likitan dabbobi zai manna salatif a wurin ko ya ɗan kankari fatar ya duba a madubin likita, aikin 'yan mintuna. Ka nemi a yi wannan gwaji. Maganin bakteriya ba ya taɓa yis, kuma in demodeks ne aka ba da siteroid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ciwon ƙaruwa zai yi.

In cutar a saman fata take, wanka yakan wadatar. Shamfu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta na kulorheksidin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, in akwai yis a samu wanda aka haɗa da mikonazol, sau biyu a mako. Sirrin yana cikin jira: bayan ka cuɗa kumfar ta shiga har fata, ka bar ta minti 10 cur, da agogo, kafin ka ɗauraye. Fara cuɗawa daga ƙafafu da ciki, don su suka fi buƙatar lokacin. Ruwan ya zama mai sanyi-sanyi ko ɗumi kaɗan, ruwan zafi yana tayar da ƙaiƙayi. Kada kumfar ta shiga ido ko cikin kunne. Kunne yana da nasa maganin, kuma ba a ɗiga komai a ciki sai likita ya tabbatar dodon kunnen bai fashe ba.

Mataki na huɗu: ƙafafun kansu

A nan zan ɗan daɗe, domin aikin kullum ne, kuma a hannunka yake. Dagin kare shi ke taka ciyawa, ƙura da ƙasa, ta tafinsa yake yin gumi, tsakanin yatsu kuma lungu ne mai ɗumi da ba ya samun iska. Ƙara yawun lasa a kai, ka samu wurin da yis ya fi so a duniya. Wannan launin tsatsar ma daga yawun yake.

Duk dawowa daga yawo, ka tsoma ƙafafun cikin ruwa mai tsabta ko ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma, don wanke ƙurar furanni da datti kafin su daɗe a fata. Sai busarwa, wadda ta fi wankin muhimmanci. Ka buɗe yatsun ɗaya-ɗaya, sama da ƙasa, ka tsane da tawul har ka ji babu danshi. Ƙafar da aka wanke aka bari a jiƙe, gara ma ba a wanke ta ba. In wurin ya yi ja ko yana wari, a goge da audugar kulorheksidin sau ɗaya a rana, ka riƙe shi da wasa na 'yan mintuna har ya bushe kafin ya kai baki.

Ka rage gashin da ya yi tsawo tsakanin yatsu da almakashi mai dakusasshen baki, amma kada ka aske har fata, guntun gashi mai tsini yana soke fatar ya koma ciki. Ka riƙa yanke farata. In kana jin ƙarar su a daɓe yana tafiya, sun yi tsawo, kuma dogon farce yana ware yatsu ya sa kare ya riƙa taka fata mai gashi maimakon tafin.

Wannan takun ne ke haifar da ƙurjin tsakanin yatsu, jan ƙulli mai sheƙi da ke kumbura, ya fashe da jini da mugunya, ya lafa, ya sake dawowa. Gashi ne nauyin jiki ke turawa cikin nama, ramin gashin ya fashe a ciki, jiki ya ɗauke shi baƙon abu. Karnuka masu gajeren gashi mai kauri da masu ƙiba sun fi fama da shi, don haka rage ƙiba magani ne na gaske a nan. Kada ka matse shi. Jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishirin Epsom na minti 5 zuwa 10 yana rage zogi, sai dai ka hana shi shan ruwan domin yana sa zawo. In ƙurjin ya yi zurfi, sai da maganin bakteriya na sha, sau da yawa mako 4 zuwa 6 ko fiye, kuma a ci gaba har bayan ya warke a ido. Yanke magani a tsakiya ne ke haifar da bakteriyar da ba ta jin magani. In ya dawo bayan an gama, a ɗebi mugunyar a kai ɗakin gwaji a ga maganin da zai kashe ta.

Lasa kuwa dole a katse ta na ɗan lokaci. Robar nan mai kama da mazurari da ake sa wa a wuya ba kyan gani, kare ma ba ya son ta, amma dare ɗaya na lasa yana rushe aikin mako guda. Safar auduga mai tsabta tana taimakawa a cikin gida in kana kusa, a cire ta da zarar ta jiƙe. Kada ka ɗaure ta da roba ko bandeji mai matsewa, yana iya tsayar da jini. Ka tuna kuma cewa mazurarin hana lasa kawai yake yi, ƙaiƙayin yana nan. Barin kare cikinsa ba tare da maganin ƙaiƙayi ba azabtarwa ce.

Sai ƙasar da yake takawa. Da rana tsaka ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba za ka iya riƙewa na daƙiƙa 7 ba, tafin kare ma ƙonewa zai yi. A ƙasashen sanyi gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara yana tsattsaga tafi. Ruwan goge daɓe mai ƙarfi ma haka, a bari ya bushe kafin kare ya taka.

Mataki na biyar: gwajin abinci

In an gama da ƙwari da cutar fata amma maki bai sauko ba, kuma susar ba ta bin wani yanayi na shekara, sai a juya kan abinci. Alamar da ke ƙarfafa zargin ita ce yawan kashi, fiye da sau 3 a rana, zawo jefi-jefi ko yawan tusa. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya nuna naman sa ne kan gaba wajen tayar da borin jini a karnuka, sai madara da dangoginta, sai kaza, sai alkama. Abin mamaki ga mutane da yawa shi ne abincin da kare ya shekara yana ci lafiya shi ne yakan juya masa baya, domin sai jiki ya daɗe da sanin abu kafin ya fara yaƙar sa.

Gwajin jini, na yawu ko na gashi da ake tallatawa don gano abincin da bai karɓi kare ba, kada ka ɓata kuɗinka. Hanya ɗaya ce abin dogaro: a ɗora shi kan abinci guda na mako 8. Ko dai nama ɗaya da bai taɓa ci ba tare da abinci mai sitaci ɗaya, ko abincin likita wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana yadda garkuwar jiki ba za ta gane shi ba. In ɗan kwikwiyo ne mai girma, kada ka dafa da kanka sai da lissafin likita, ƙashinsa yana buƙatar abin da nama da sitaci kaɗai ba za su ba shi ba.

A mako takwas ɗin nan, ban da wannan abinci da ruwa, ba abin da zai shiga bakinsa. Ba ƙashin gwaigwaya, ba ragowar kwano, ba ɗan abin da yara ke miƙa masa a ɓoye, ba kwanon kyanwa. Hatta ƙwayoyin magani masu ɗanɗanon nama sai an duba, shi ya sa likita kan mayar da maganin ƙuma zuwa na ɗigawa a lokacin. Yawancin gwajin da ke lalacewa, wani mai tausayi ne a gidan ya lalata shi, don haka a zauna da kowa a yi magana tun kafin a fara.

In ya samu sauƙi, da saura. Sai ka mayar masa da tsohon abincin. Mutane ba sa son wannan, wa zai so ya ga susa ta dawo? Amma in ba a yi ba, ba za a san ko abincin ne ko yanayi ne ya canza ba. In abinci ne, susar za ta dawo cikin mako 2, sau da yawa ma cikin 'yan kwanaki. Daga nan a koma na gwaji, a riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya har a kama mai laifin.

Mataki na shida: in muhalli ne

Abin da ya rage bayan an kawar da sauran shi ne borin jinin muhalli: ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, ƙurar furanni da ciyayi, da fumfuna. Ba za ka raba kare da iska ba, sai dai ragewa. A wanke shimfiɗarsa mako-mako da ruwan da ya kai digiri 60, a adana busasshen abincinsa a mazubi mai murfi a wuri marar danshi, a ci gaba da wanka da shamfu mai laushi mai mayar da danshin fata. Man kifi mai omega-3 yana ɗan taimakawa, amma sai bayan mako 8 zuwa 12 ake gani.

Ka ɗauki ƙaiƙayi kamar bokitin da ake zuba wa ruwa daga famfo da yawa. Ƙurar ɗaki ta zuba nata, ƙuma ta ƙara, yis ya ƙara, sai ya yi ambaliya. Kowane famfo ka rufe, maganin da za a buƙata yana raguwa.

Maganin kuwa likita ne zai zaɓa, amma ya kamata ka san abin da ke gabanka. Siteroid irin firednisolon yana kashe ƙaiƙayi cikin sauri kuma ba shi da tsada, ya dace da kwanaki kaɗan lokacin da ciwon ya tashi. In aka mayar da shi na kullum, sai yawan ƙishirwa da fitsari, ci ba ƙoshi, tumbi, fata ta yi siriri, cututtuka su samu ƙofa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Wanda ya daɗe a kansa kuma ba a tsayar masa rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Akwai siteroid na fesawa, wanda ya dace da ƙafafu domin kaɗan ne ke shiga jini. Bayan wurin ya warke, fesa shi kwana biyu a mako a inda ciwon ya saba fitowa yana jinkirta dawowarsa.

Apoquel, wanda aka amince da shi a Amurka a 2013, ƙwaya ce mai toshe saƙon ƙaiƙayi, tana fara aiki cikin yini guda. Sau biyu a rana ake ba da ita har zuwa kwana 14, sannan sau ɗaya, kuma ba a ba karen da bai kai wata 12 ba ko mai fama da babbar cuta. Cytopoint allura ce da ke kama sinadarin da ke kai saƙon ƙaiƙayi, tana riƙewa mako 4 zuwa 8. Atopica, maganin sha mai danne garkuwar jiki, yana da amfani in fata ta yi kauri da kumburi, amma sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin ya kama, kuma yakan sa amai da farko. Ƙwayoyin borin jini irin na mutane ba su cika yin wani abin kirki ga kare ba in su kaɗai ne.

Hanya ɗaya da ke taɓa tushen ita ce allurar sabo. A gwada fata ko jini a ga abubuwan muhallin da jikinsa ke yaƙa, a haɗa su kaɗan-kaɗan ana ba shi har garkuwar ta saba. Amfanin gwajin ke nan, zaɓen abin da za a sa a allurar, domin kare mai lafiya ma gwajin kan nuna yana da wani abu. Fiye da rabin karnukan da aka yi wa suna samun sauƙi, sai dai a ba ta shekara guda kafin a yanke mata hukunci. Ga ƙaramin kare da ke da shekaru goma a gabansa, ina ganin ta cancanci jiran.

Abin da ba a yi, da lokacin da ba a jira

Kada ka ba kare ibufurofen ko dikulofenak don zogin ƙafa, suna huda ciki su lalata ƙoda. Farasitamol ma ba a ba shi da ka, yana taɓa hanta. Baƙin mai, kananzir da maganin ƙwarin gona guba ne, ta fata suke shiga, sauran kuma ya lashe. Duk man da za ka shafa a ƙafar kare, ka ɗauka cikinsa zai tafi.

Ciwon zai riƙa tashi lokaci-lokaci ko da kana yin komai daidai. In makin da kake rubutawa ya haura da 2 ko 3 ya tsaya kwana biyu, ka bi jerin daga sama: an makara da maganin ƙuma? Ya ci wani abu? Ƙafa ko kunne na wari? Tun kafin irin wannan rana ka nemi likita ya rubuta maka abin da za ka fara yi a gida. Tsohon kare kuwa da bai taɓa susa ba sai yanzu, ko wanda cutar fata ke yawan dawo masa, a gwada jininsa don duba maƙoƙo da sauran sinadaran jiki.

In ya ƙi taka ƙafar gaba ɗaya, ko kumburin ya hau sama da dagi, ko tafin ya ɗaye yana zubar da jini, ko farata sun fara zubewa, ko fuska ta kumbura yana numfashi da ƙyar, ko ya daina ci jikinsa ya yi zafi, a ranar za a kai shi asibitin dabbobi. Ka tafi da littafin nan da kwalayen duk magungunan da aka taɓa ba shi.